ƘAUNA DA JINƘAI: AUREN DA KE TSUFA DA MA'ABUTANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu maza da mata, Ya sanya aure sutura gare mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Tasawa da Mayahi, a wannan fitowa muna so mu tunatar da kanmu wani abu da muke yawan mantawa. Mun iya ɗaura aure. Da zarar kaka ta yi, an cika rumbuna, sai ɗaurin aure ko'ina, daga Maijirgi zuwa Kanambakashe, ana rabon goro ana addu'a. Abin da ya yi mana wuya shi ne riƙon auren nan har furfura ta zo ta tarar da shi da sauran ɗuminsa. Gidaje nawa ne a cikinmu inda igiya tana nan, amma maigida da uwargida sun shekara ba su zauna sun yi hira ba?

A cikin Suratur Rum, aya ta 21, Allah Ya lissafa aure cikin ayoyinSa, Ya ambaci natsuwa, sannan Ya ambaci abu biyu da Ya sanya tsakanin ma'aurata, wato ƙauna da jinƙai. Wasu malaman tafsiri sun ce ƙauna ita ce ta lokacin ƙuruciya, jinƙai kuwa shi ne na lokacin tsufa. Hikimar a fili take. Kyau yana gushewa, ƙarfi yana ƙarewa, haihuwa da wahala suna canja jiki. To, idan abin da ya ja hankali da farko ya tafi, jinƙai ne ke riƙe gida, kuma a cikinsa ƙaunar take sake tohowa.

Mu dubi gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya zauna da Nana Khadija kimanin shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta rasu a shekara ta 10 bayan aiko shi. Mutuwa ba ta yanke wannan ƙauna ba. Ya tabbata cewa idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Ranar da ƴar'uwarta Halatu ta yi sallama a ƙofarsa, muryarta ta tuna masa muryar Khadija, har aka ga alamar haka a gare shi. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, ƴarsa Zainab ta aiko da abin wuya don fansar mijinta Abul Asi. Da ya ga abin wuyan Khadija ne, sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai su saki mutumin su mayar mata da kayanta. Nana A'isha da kanta ta faɗi cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba su taɓa zama tare ba.

Haka kuma ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Yakan sha daga inda ta sa bakinta a ƙwarya, yakan taimaka wa iyalinsa da aikin gida, kuma yana gane fushinta da yardarta daga irin rantsuwar da take yi. Wanda ya fi kowa daraja ke nan. To, daga ina muka samo cewa namijin da ya tausasa wa matarsa ya zama mijin-ta-ce?

Mun san kunya adonmu ce. Mace ba ta kiran sunan mijinta, miji ba ya wasa da matarsa gaban surukai, wannan duk abin yabo ne. Amma kunya daban, ƙeƙashewar zuciya daban. Kunya ba ta hana mutum ya ce wa matarsa sannu da aiki bayan ta yini tana daka, ta ja ruwa daga rijiya mai zurfi, ta kai fura gona. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Manzon Allah ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa ko lomar da mutum ya sa a bakin matarsa don neman yardar Allah, yana da lada a kanta.

Akwai wurare da ake gane ƙaunar gaskiya a ƙasarmu. Na farko lokacin yunwa. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, mu ma mun ga na 2005. Mata nawa suka sayar da awakinsu, suka buɗe ɗan abin da suka noma a gamanarsu, suka ciyar da gida har damina ta faɗi? Ba ya halatta mutum ya ci wannan alheri, sannan ranar da ya samu buɗi ya yi amarya ya juya wa uwargida baya. Ƙarin aure halal ne da sharaɗin adalci, kuma hadisi ya yi gargaɗi cewa mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya zai tashi ranar ƙiyama ɓarin jikinsa a karkace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zargi mazan da ke ɗaukar matansu kamar kayan aikin gida, a mora har su lalace a jefar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu cin rani. Da yawa daga cikinmu sukan tafi Kano ko Legas ko Agadas, wasu har Libiya, neman abin rufin asiri. Neman halal ibada ne. Sai dai wanda ya tafi ya bar mace da ƴaƴa, ba aike ba sallama, ya sani cewa haƙƙinta yana bin sa duk inda ya shiga. Yanzu ga waya a hannun kowa. Ko babu kuɗin aikowa, kalma mai daɗi tana sanyaya zuciyar mai jira.

Na uku rashin lafiya. Abin baƙin ciki ne a ce mace ta samu yoyon fitsari wajen haifa wa mutum ɗa, sannan ya sallame ta zuwa gidan iyayenta da takardar saki. Wannan ciwo ana yi masa aiki a asibiti, kuma da yawa suna warkewa. Mijin kirki shi ne wanda zai kai ta, ya yi jinyarta, ya dawo da ita ɗakinta.

Ku kuma ƴan'uwa mata, wannan kira ya haɗa da ku. Mijin da ƙarfinsa ya ƙare, ko kasuwa ta juya masa baya, ya fi bukatar tausayinku yau bisa ga ranar da aka kai ku ɗakinsa. Ku rufa masa asiri kamar yadda Suratul Baƙara, aya ta 187, ta kamanta ma'aurata da tufafin juna. Nana Khadija ta tallafi mijinta da dukiyarta da kalamanta a lokacin da mutane suka ƙaryata shi.

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Annabi ya hori mumini kada ya ƙi matarsa ɗungum, domin in ya ƙi wani hali nata zai yarda da wani. Don haka kada a yi gaggawar furta saki cikin fushi. A nemi dattawa daga dangin miji da na mata su sulhunta, kamar yadda Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta yi umarni. Muna kuma roƙon limamanmu su riƙa faɗakarwa a kan wannan a wuraren ɗaurin aure da tsangayoyi da makarantun matan aure.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya ba mu haƙuri da juna, Ya jiƙan iyayenmu da suka riƙe aurensu har kabari, Ya haɗa mu da iyalanmu a Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.