Tsukewar Jijiyar Wuya ga Mai Ciwon Suga: Hukuncin Neman Magani Tsakanin Tawakkali da Riƙo da Sababi

A kowane gefe na wuyan ɗan Adam akwai babbar jijiya da ke kai jini daga zuciya zuwa kai, wadda likitoci ke kira karotid. Ita ce ake jin bugunta idan aka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Daidai ƙasan muƙamuƙi takan rabu biyu: reshe ɗaya ya ciyar da fuska da fatar kai, ɗayan ya shige cikin ƙoƙon kai ya ciyar da ƙwaƙwalwa da ido. A wannan mararraba ce maiƙo ya fi taruwa a jikin bangon jijiyar, ya yi tauri, hanyar jini ta riƙa tsukewa a hankali, kamar yadda laka ke cushe tiyon injin ban-ruwa a fadama. Haɗarin ya fi zuwa ne lokacin da wannan tarin ya tsage, gudan jini ya daskare a kansa, wani ɓarɓashi ya ɓalle ya je ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon suga yana gaggauta wannan lalacewa. Yawan suga a jini na tsawon shekaru yana illata shimfiɗar cikin jijiyoyi, yana dagula maiƙon jini, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Mai ciwon suga yana fuskantar haɗarin shanyewar jiki kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan hawan jini, shan taba, ko ƙiba sun haɗu da shi. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Zariya da Kano, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo cutar, ciwon suga kuma yana cikin manyan na bayansa. Ya kuma nuna kusan ɗaya bisa uku na masu cutar fashewar jijiya ce ta same su, sauran kuma toshewa.

Yadda abin yake a ƙasar Zazzau ta arewa

Ikara, Makarfi da Kudan ƙananan hukumomi ne na manoma a masarautar Zazzau, inda ake noman rake, tumatir, masara da barkono, ana kuma dafa mazarƙwaila. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Ikara da Makarfi, akwai makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, amma cutar da ta shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi akan tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Tsakanin ƙauye da waɗannan wurare akwai kuɗin mota, kuɗin hoto, da kwanakin da za a bar gona. Saboda haka shawarar tafiya asibiti ba ta mutum ɗaya ba ce, takan bi ta hannun 'yan'uwa, dattawa da malamin unguwa.

Tsukewar jijiyar wuya ba ta ciwo, ba ta kumburi. Idan za ta yi gargaɗi, takan yi shi ne da alamar da ke wucewa. Dattijo na zaune a zaure da safe, ludayin koko ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta harɗe. Kafin a kira babban ɗansa daga gona, bayan minti goma ko sha biyar, komai ya koma daidai. Wani kuma idonsa ɗaya ne zai rufe ɗif na ɗan lokaci, sannan ya buɗe. A gidaje da yawa akan ce iska ce ta gifta, ko sammu, ko jiri. A yi hayaƙi, a shafa man habbatus sauda, a karɓo rubutu, a gode wa Allah da abin ya zo da sauƙi. A wajen likitoci kuwa wannan ita ce alama mafi muhimmanci, domin babbar shanyewar ta fi aukuwa a kwanakin farko da makonni biyu da ke biye da ita. Gwajin farko na gano tsukewar shi ne sikanin na wuya, wanda ba ya buƙatar yanka ko allura. Ga mai ciwon suga ana fara auna sugan nan take, domin faɗuwarsa ƙasa sosai takan kwaikwayi shanyewar jiki.

Hanyoyin magani da abin da alƙaluma suka nuna

Magani hawa uku ne. Na farko shi ne na kowa da kowa: saukar da hawan jini, daidaita suga, shan maganin rage maiƙon jini, shan asfirin ko makamancinsa bisa umarnin likita, barin taba, rage gishiri da motsa jiki. Na biyu tiyata ce, a tsaga wuya a buɗe jijiyar a kankare tarin maiƙon, aikin da aka fara yi a farkon shekarun 1950 a Amurka da Ingila. Na uku shi ne zura ƙaramar ragar ƙarfe ta cikin jijiyar cinya har zuwa wuya don ta tokare wurin da ya tsuke.

Ita kanta tiyatar tana iya haddasa abin da ake gudu, domin ɓarɓashi na iya ɓallewa ana tsakiyar aiki. Binciken NASCET na Amurka da Kanada ya nuna a 1991 cewa cikin waɗanda suka riga suka ga alama, kuma jijiyarsu ta tsuke da kashi 70 zuwa 99 cikin 100, shanyewa ta sami kashi 26 cikin 100 na waɗanda suka tsaya ga ƙwayoyi kaɗai a cikin shekara biyu, amma kashi 9 kacal na waɗanda aka yi wa tiyata. Ga waɗanda ba su taɓa ganin alama ba, binciken ACAS na 1995 ya sami kashi 11 da kuma kashi 5 cikin shekara biyar. Tazarar farko babba ce, ta biyu ƙarama, kuma ta ƙara raguwa da ingantuwar magunguna. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce kada haɗarin mutuwa ko shanyewa a hannun likitan ya wuce kashi 6 cikin 100 ga mai alama, kashi 3 ga marar alama. Mai ciwon suga yana da ƙarin abin dubawa: lafiyar zuciyarsa da ƙodarsa, jinkirin warkewar rauni, da yiwuwar jijiyar ta sake tsukewa.

Tambayar addini

Daga nan tambayoyi biyu ke tasowa. Ta farko tsohuwa ce: idan ajali da cuta rubutattu ne, me neman magani zai ƙara? Ta biyu ta fi kusa da wannan cuta: shin ya halatta mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa gona da masallaci, ya miƙa wuyansa ga wuƙa saboda cutar da ba ta zo ba, wadda wataƙila ma ba za ta zo ba, alhali aikin na iya nakasa shi?

Amsar ta farko malamai sun daɗe da shimfiɗa ta. Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Tirmizi ya ruwaito umarnin da aka bai wa mai raƙumi na ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga Sarg, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zazzau, ta keɓe babi kan jinya, ta halatta shan magani, tsaga, ƙaho da lalas. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir. A wannan fahimta, sababi ba kishiyar ƙaddara ba ne. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓɓai, kuma ba wanda ya san abin da aka rubuta masa balle ya kafa hujja da shi kafin ya auku.

Akwai nassoshin da masu barin magani ke riƙewa: labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri, da hadisin mutum dubu 70 da ba sa neman a yi musu lalas ko tofi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wannan a Ihya'u ta hanyar kasa sabubban waraka uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da magungunan likitoci, wanda yin sa ba ya warware tawakkali. Akwai kuma wanda amfaninsa tsammani ne kawai, wanda barinsa shi ya fi dacewa da mai tawakkali. Muhimmancin wannan rabo shi ne ya ɗora hukunci a kan ƙarfin sanin da ake da shi game da maganin. Abin da yake zato a wani zamani yana iya kusantar tabbas a wani, hukuncinsa kuma ya sauya.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bi wannan hanya. Ta ce neman magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga mutuwa, rasa gaɓa ko nakasa, ko cutar mai yaɗuwa ce. Mustahabbi ne idan barinsa raunana jiki kawai zai yi. Halal ne idan bai kai haka ba. Makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi ta cutar. Ta kuma shardanta yardar majinyaci mai cikakken hankali.

Ɗora ƙa'idar a kan cutar

Idan aka auna hawa ukun nan da wannan ma'auni, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Shan maganin hawan jini da na suga ga wanda aka tabbatar yana da su ya fi kowane kusa da wajibi: amfaninsa sananne ne, illarsa kaɗan, barinsa kuma hanya ce ta nakasa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mutanen Kudan, Makarfi da Ikara, kuma shi aka fi sakaci da shi, musamman al'adar ajiye ƙwaya da zarar jiki ya yi daɗi. Haka ma gaggawar zuwa asibiti bayan alamar da ta wuce. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ta ba, ana iya yin su a cikin mota. Abin da ba shi da madogara shi ne a mayar da su dalilin jinkiri. Bai kamata kuma a ɗura wa wanda jikinsa ya shanye asfirin a gida ba, tunda idan fashewar jijiya ce zai ƙara zubar jinin, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance su.

Tiyata ga mai alama wanda jijiyarsa ta tsuke ƙwarai tana shiga ƙarƙashin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Galibin zato yana tare da aikin, shari'a kuwa tana gina hukunci a kan galibin zato a inda yaƙini ya gagara. Wanda ya amince da ita bai jefa kansa ga halaka ba, ko da aikin ya zo da akasi, domin ana hukunta zaɓi ne da abin da aka sani lokacin yin sa.

Ga marar alama lamarin a buɗe yake. Ribar kaɗan ce, tana zuwa a hankali cikin shekaru, haɗarin kuwa a ranar aikin yake. Tsoho mai ciwon zuciya da raunin ƙoda zai iya ɗaukar haɗarin bai kai ga cin ribar ba, a nan aikin ya karkata zuwa makaruhi. Wanda ya ƙi tiyata a wannan hali ya riƙe ƙwayoyinsa bai bar sababi ba, ya zaɓi ɗaya ne cikin biyu. Iko ma sharaɗi ne: ba a ɗora wa magidanci sayar da gonar da iyalinsa ke ci don aikin da amfaninsa bai yi rinjaye ba.

Nauyin da ke kan likita da al'umma

Tunda hukuncin ya rataya ga alƙaluma, wanda ya san su yana ɗauke da amana. Hadisin Abu Dawud ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba tare da an san shi da iliminsa ba. Wannan ya haɗa da mai tallar maganin da ke cewa yana wanke jijiyoyi ko yana raba mutum da ciwon suga har abada. Ya kuma wajabta wa likitan tiyata ya faɗi haɗarin aikin a hannunsa da asibitinsa, cikin harshen da majinyaci ke ji, domin yardar da aka gina a kan rashin sani ba yarda ba ce.

Malaman fiƙihu sun lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan babu mai tsayuwa da su laifin ya hau kan al'umma duka. A aikace wannan na nufin awon jini da na suga a asibitocin matakin farko, magani mai araha da ba ya yankewa, ma'aikatan da suka san alamar da ke wucewa, da hanyar tura majinyaci zuwa Shika ko Kano cikin sa'o'i. Limamai da masu wa'azi suna da rabo a ciki, kasancewar su ake fara tuntuɓa a gidaje da yawa.

Wanda cutar ta riga ta kama kuwa, hukuncinsa haƙuri ne da ci gaba da jinya: gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, kiyaye magani don kada ta maimaita, da sauƙin da shari'a ta ba shi na yin taimama, sallah a zaune ko a kwance, da ciyarwa maimakon azumi idan likita amintacce ya tabbatar azumin zai cutar da shi. Ba a yanke masa hukuncin cewa sakacinsa ne ya jawo, domin cutar takan sami wanda ya kiyaye komai, takan kuma tsallake wanda bai kiyaye ba. Abin da shari'a ta ɗora wa mutum shi ne ƙoƙari gwargwadon sani da iko, sakamako kuma ba ya cikin abin da aka kallafa masa.