Hukuncin Matar da Ta Kashe Mijinta Tana Da'awar Cutarwa

Tambaya daga Faskari: Mace ce ta kashe mijinta, ta ce ya daɗe yana dukanta. Danginsa na neman a kashe ta, nata kuma na cewa kare kanta ta yi. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Asalin hukuncin kisan ganganci kisasi ne, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta tabbatar, kuma igiyar aure ba ta kawar da shi. Dukan jiya ko zagin bara ba ya halatta jinin miji yau. Abin da ke ɗauke mata laifi shi ne kare kai a daidai lokacin farmaki: ya shaƙe ta ko ya zaro mata wuƙa, ba hanyar gudu, ba mai ceto, ta raɗa masa taɓaryar da ke hannunta ya faɗi. In haka ta tabbata, babu kisasi babu diyya. Amma wadda ta jira ya yi barci, ko ta barbaɗa masa shinkafar ɓera a tuwo, da gangan ta kashe shi, kuma ba ta cin gadonsa.

Wani zai ce wannan tsanantawa ce ga mai rauni, domin dukan cikin ɗaka ba ya da shaidu, balle a ƙauyukan Ƙanƙara da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka tarwatsa mutane har mace ta rasa waliyyin da za ta kai wa kuka. Maganar na da nauyi, sai dai ba ta rushe hukuncin. Mazhabar Malikiyya ta riga ta buɗe wa macen da ake cuta ƙofa mai faɗi: alƙali na raba aurenta saboda cutarwa ko mijin bai yarda ba, kuma Ibn Asim a Tuhfatul Hukkam ya nuna ana tabbatar da cutarwar ko da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. Wadda ke da wannan mafita ba za a ce kisa ya zame mata dole ba. Iyayen da ke mayar da ita duk sanda ta yi yaji, da "ki yi haƙuri" kawai, suna da nasu kason na alhaki.

Duk da haka, haramun ne alƙali ya toshe kunne ga da'awarta. Sai ya duba tabon jikinta, da takardar asibiti, da ƙarar da ta taɓa kai wa mai unguwa ko Hisba, da hankalinta, da balagarta, da yadda aka ɗaura auren. Irin wannan ya taso a 2014 kan wata yarinya 'yar shekara 14 ta yankin Gaya a Kano da aka zarga da kashe mijinta, wadda gwamnati ta janye tuhumarta a 2015. In kisan ganganci ya tabbata, haƙƙin jini na waliyyan mamacin ne. Suna iya yafewa, kuma a nan tarihin cutarwar zai fi yi mata amfani. In sun yafe, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ajiye mata bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Wannan a kotun shari'ar Musulunci ke nan. A babbar kotu kuwa, irin wadda ta yanke wa Maryam Sanda hukuncin rataya kan kisan mijinta a Abuja a 2020, yafiyar dangi ba ta ɗaure alƙali. Afuwa tana hannun gwamna ko shugaban ƙasa. Ko ta wace hanya, dangi ba su da ikon zartar da komai da hannunsu. Wallahu a'alam.