Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ana Iya Satar Suna?

'Yan'uwana, wani ɗan tireda daga wajen Achilafiya ya tare ni bayan sujada da tambayar da ta daɗe tana damun lamirinsa. Yakan saro kaya daga Kano, ya baza a teburinsa, ranar kasuwa kuma ya kai Kazaure ko Ɓaɓura. A cikin kayan akwai wani sabulu da wani man shafawa waɗanda kwalinsu da launinsu suka yi kama da na wani sanannen kamfani, harafi ɗaya kaɗai ya bambanta sunayen. Ya ce, "Fada, ba ni na yi su ba, ban kuma taɓa buɗe baki na ce wa kowa na asali ne ba. Suna dai iska ne. In mai sunan bai rasa ko kwabo daga aljihunsa ba, me na sata?" Na ce ya ba ni lokaci, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa.

Bari mu fara da abin da hukuma ta ce. Nijeriya tana da Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965. Bisa ga wannan doka, mai sana'a yana iya kai suna ko tambarin kayansa ofishin rajista a Abuja, a rubuta masa shi na shekara 7, daga nan ya riƙa sabuntawa bayan kowace shekara 14. Wanda ya ɗauki wannan alama, ko wata mai kama da ita har ta iya ruɗin mai saye, ana iya kai shi Babbar Kotun Tarayya. Ko sunan da ba a yi wa rajista ba, tun zamanin Turawa alƙalai suna riƙe da ƙa'ida guda, watau ba wanda yake da iko ya sayar da kayansa a kan cewa na wani ne.

Shari'ar da ta fi kusa da mu a Kano aka yi ta, a 1972, kuma a kan alewa ce. Kamfanin Trebor, mai yin alewar minti, ya kai ƙarar kamfanin Associated Industries, wanda ya fito da tasa alewar mai suna Minta Supermint. Sunayen biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma Mai Shari'a Jones ya duba kwalin, ya duba takardar naɗin, ya duba ƙwayar alewar kanta, ya ga an yi iyakar ƙoƙari domin sabuwar ta yi kama da tsohuwar, sai ya yanke cewa wannan sayar da kaya ne da rigar wani. Shekaru da yawa kafin haka, a 1931, kotu a Ikko ta yi irin wannan hukunci a kan taba sigari iri biyu, Bandmaster da Barrister. Kowanne kwali yana ɗauke da hoton Bature, ɗaya cikin kayan shugaban 'yan badujala, ɗaya cikin kayan lauya, kotu kuwa ta ga cewa mai sayen da ba ya karatu hoton yake bi. A 1968 kuma Kotun Ƙoli ta saurari rigimar maganin yara mai suna Castoria da wani sabo mai suna Casorina, ta ce a irin wannan magana ba ido kaɗai ake tambaya ba, har da kunne, domin yawancin mutane da baki suke neman magani.

Ku lura da mutumin da alƙalan nan suka riƙa tunawa da shi. Masu ƙara kamfanoni ne, waɗanda ake ƙara su ma kamfanoni ne, kowa da lauyoyinsa. Amma ma'aunin da aka auna maganar da shi, shi ne wani wanda bai zo kotu ba, bai ma san ana yi ba: tsohuwa da ta aiki jikanta ya sayo mata "mai jan kwali", ko manomi da ya riƙe sunan magani a ka tun daga gona har kemis. A ganina nan ne amsar ɗan tiredanmu take. Suna a kan kaya alkawari ne. Mai shi yana cewa, ni na yi wannan, yadda ka same shi jiya haka za ka same shi yau, in kuwa ya cuce ka, ka san ƙofar da za ka buga. Kakanninmu sun san haka tun ba a kafa ofishin rajista ba. Makiyayi yana yi wa dabbarsa alama, ana gane aikin maƙeri da ganin bakin fartanya, mai daddawar da aka yarda da ita kuwa tun daga wani ƙauye ake aiko mata. Wanda ya ari sunan wani ya ari amanar da jama'a suka ba wancan, ya ci da ita, alhali bai yi wahalar tara ta ba.

Saboda haka laifin biyu ne a haɗe. Akwai ɗaukar abin wani, wanda doka ta bakwai cikin Dokoki Goma ta hana, gama sunan kirki shekaru ake yi ana gina shi da gumi. Akwai kuma ƙarya, wadda doka ta takwas ta hana, ita ce kuwa na fi jin tsoro, domin a kan matalauci take faɗuwa. Abokina ya ce bai buɗe baki ba. Gaskiya ne, amma kwalin ya yi magana a madadinsa, shi kuwa ya san abin da kwalin yake faɗi. Wanda ya sa harafi ɗaya ya bambanta, ya bar launi da zane yadda suke, ya yi haka ne domin ya sami abin faɗi gaban alƙali, ya kuma sami kuɗin wanda bai iya karatu ba.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin ha'inci cikin ciniki a babban littafinsa na tauhidi. Ya kasa aibin kayan sayarwa uku: abin ya zama ba shi ne ainihin abin da aka kira shi ba, ko mudu ya kasa, ko kuwa a sayar da mai cuta a kan lafiyayye, kamar dabba marar lafiya. Jabu yana cikin kashi na farko, sau da yawa har da na uku. Koyarwarsa ita ce, wanda ya sayar da saninsa ya yi zunubi, wajibi ne kuma ya mayar da abin da ya ci. Wanda ya sayar cikin rashin sani ba shi da zunubi, amma ran da ya gane, sai ya biya wanda ya yi hasara. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai a gare mu, domin da yawa cikin masu teburi su ma ruɗinsu aka yi a wurin sari. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka malamansu suke tsawatarwa a kan algus, ba mu da saɓani da su a nan.

Wani zai ce, Fada, alewa ce fa da sabulu. To, ga inda hanyar take kaiwa. A 1995 annobar sanƙarau ta auka wa Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa. Aka kai gudummawar allurar riga-kafi daga Nijeriya, kwalaben suna ɗauke da sunayen manyan kamfanoni biyu na Turai, Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Daga baya aka gane jabu ne, babu maganin a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an yi wa mutum fiye da 50,000 wannan allura, an kuma ƙiyasta mutum 2,500 suka mutu a sanadin haka. Ma'aikatan lafiyar da suka yi allurar sun gaskata sunan da ke jikin kwalba, iyaye mata kuma sun koma gida da zaton 'ya'yansu sun tsira. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha fama da irin wannan, musamman zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Hannun da ya buga tambarin ƙarya a kan kwalin alewa da wanda ya buga a kan kwalbar allura sana'arsu ɗaya, abin da ke cikin kwalin ne ya bambanta.

Duk da haka kada mu ɗauka cewa duk mai babban suna shi ne mai gaskiya. Kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin kayan birkin mota, ya kai ƙarar kamfanin Ibeto na Nnewi, yana cewa kwalin kayan birkinsa mai suna Union ya kwaikwayi nasa mai launin ja da baƙi da fari. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2004 kuwa Ferodo ya faɗi. Kotu ta ce kalmar Ferodo ita ce alamarsa, sauran ado ne, kuma mai saye ba zai ɗauki Union a kan Ferodo ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya shigar da siffar kaya da kwalinsu da haɗin launuka cikin abin da ake iya yi wa rajista, amma tushen maganar yana nan: ruɗin mai saye ake hanawa. Allah bai mallaka wa kowa jan launi ba. Ƙaramin mai sana'a yana da iko ya yi sabulu, ya yi mai araha, ya yi gasa da manya, muddin ya sa sunansa ya tsaya a bayansa. Babban kamfanin da yake tsoratar da ƙanana da lauyoyi domin kasuwa ta zama tasa shi kaɗai, shi ma yana da abin da zai amsa.

Akwai wuri guda da maganar ta fi wuya, ban kuwa so in tsallake shi. Mace ta shiga Kantin Kwari a Kano, ta san sarai atamfar da ke hannunta kwaikwayo ce, sunan da ke gefenta na aro ne, kuɗin ta asali kuma ya fi ƙarfinta. Mai shago ya faɗa mata gaskiya, ta saya da idonta biyu. Wa aka ruɗa? Ita dai ba a ruɗe ta ba, ni kuwa ba zan ɗora wa matalauciya nauyi domin ta so ta fita kunya ranar biki ba. Amma atamfar ba a hannunta take tsayawa kullum ba. Takan shiga akwatin lefe a kan ta asali, ran da aka wanke ta zuba, sai dangi biyu su ɓata. Masu zanen da ma'aikatan masaƙa kuma an ci guminsu. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Rashin wutar lantarki da tsadar aiki suna cikin dalilan durƙushewar masaƙunmu, amma fasa-ƙwaurin atamfa mai ɗauke da zane da sunayen aro shi ma ya taimaka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: muddin muna son sunan ba ma son biyan kuɗinsa, masu buga jabu ba za su rasa kasuwa ba. Laifin mai saye a nan ƙarami ne, na mai bugawa da mai shigowa da shi babba ne, mai shago kuwa yana tsakani, gwargwadon abin da ya sani da abin da ya ɓoye.

Da ɗan tiredan ya komo, ga abin da na faɗa masa. Abin sha da na ci da na shafawa a jiki, in ya san sunan na aro ne, ya janye su daga teburinsa ko da zai yi hasara, gama bai san abin da ke ciki ba, ba kuma wanda zai tsaya a bayansu in sun cuci yaron wani. Sauran kayan da suka rage a hannunsa, ya faɗa wa kowane mai saye da bakinsa cewa ba na asali ba ne, ya sayar a kan kuɗinsu na gaskiya, kada kuma ya sāke saro su. Waɗanda ya san ya karɓi kuɗin na asali a hannunsu, ƙauye ne, ya san gidajensu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ribar jabun ta ninka ta sauran kayan, ga kuɗin makarantar yara uku a gabansa. Na ce na sani. Muka zauna muka lissafa abin da zai rasa a wata, ya ɗauki takardar ya sa a aljihu, ya hau kekensa.