Kwikwiyon da Yake Bina Tun Kakar Riɗi

Ɗan ƙanwata, wanda yaƙi ya koro su daga Wad Madani zuwa gidanmu a Gadarif a watan Disamba na 2023, ya koyi haɗa katun a waya. Ba ya zana komai da hannu. Abin da yake so yake rubutawa, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar masa da hoto mai motsi. Ran nan bayan isha'i ya miƙo min wayar. "Kawu, kalli wannan."

Labarin wani ne da ya ci amanar abokinsa. Duk inda ya juya sai ga baƙin dodo a bayansa, idanu jajawur kamar garwashi, yana jan sarƙa. Na tambayi yaron ko wane ne wannan, ya ce laifin mutumin ne. Shi dai kalmar ya rubuta, na'ura ce ta zaɓi siffar.

Ban yi mamaki ba. Da ɗimbin hotunan da mutane suka riga suka yi ake horar da irin waɗannan manhajoji, don haka abin da ya fi yawa a ciki shi suke maido maka. Na ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, amma laifi ba haka kamanninsa suke ba."

Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, suka yada zango a nan, sun zo da tasu siffar: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ko kamfanin Disney, a fim ɗin Pinocchio na 1940, ɗan ƙaramin gyare ya sa ya zama muryar da ke tsawatar wa zuciya. Dodo ai gudunsa ake yi, a yi kururuwa jama'a su kawo ɗauki. Kwikwiyo kuwa wa za ka kira? Kai ka ba shi lomar farko, ya san warin ƙafarka. Ka jefe shi, ya ja da baya kaɗan ya zauna yana jira. Ka shiga cikin mutane da farar jallabiya, ya zo ya kwanta gefen takalminka, kai kaɗai kake ganinsa.

Na san nawa. Ina saurayi mahaifina ya ɗora ni a kan lissafin 'yan ƙwadago a gonar riɗi. Duk wanda ya san Gadarif ya san watan Oktoba: riɗi in ya nuna ba ya jira, kwanso ya tsage ƙwaya ta zube, sai a yi ta yanka ba dare ba rana. Da hilla ake biyan ma'aikaci, wato tarin dammunan da aka jingina su bushe. Akwai wani dattijo Bahabashe da ya tsallako ta Gallabat, tafin hannunsa duk kanta saboda lauje. Na rage masa hilla biyu a littafi, na sayi takalmi da kuɗin. Ya ƙirga abin da na ba shi sau biyu, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ƙulle a bakin mayafinsa ya tafi. Bai ce uffan ba.

Kaka ta zagayo na nemi dattijon, bai dawo ba. Na yi sadaka da ninkin kuɗin da sunansa, na roƙi Allah gafara, ina kuma kyautata zato. Amma har yau in na wuce kasuwar amfanin gona na ji ana kiran farashin kintarin riɗi, sai in ji abu yana shafar dunduniyata.

Yaron ya yi shiru, sannan ya share dodon ya rubuta kwikwiyo. Na'urar ta kawo wani ɓulɓul mai laushin gashi, irin wanda ake wa wanka da sabulu. Na ce a'a. A rame yake, haƙarƙarinsa a waje, ƙafafunsa duk baƙin laka irin na gonakinmu.

"Ya yi haushi, Kawu?"

"Kada ya yi haushi. Ka sa ya ɗaga kai kawai ya dubi mutumin."