Raƙumin Ruwan Da Ba A Zata Ba

Karatu: Markus 4:35-41

Mu a Zariya ruwan da muka sani shi ne Kubanni da Galma in sun cika a watan Agusta. Teku kuwa sha'aninsa dabam. Shekara da shekaru matuƙan jirgi suna ba da labarin raƙumin ruwa guda mai miƙewa kamar ganuwar Ƙofar Jatau a zamanin da, masana suna cewa ƙari ne. Sai ranar 1 ga Janairu 1995, na'ura a dandalin iskar gas na Draupner, a Tekun Arewa wajen Norwe, ta auna irinsa: mita 25.6, alhali manyan raƙuman ranar wajen mita 12 ne.

Raƙuma ne da jirgi zai iya haye kowannensu, amma suka taho daga fuskoki dabam-dabam, suka haɗu wuri ɗaya, wani ya hau kan wani. Haka wahala takan sauka a gidan mai bi: kuɗin makaranta, ciwon yaro, mai gida na neman haya, duk a mako guda. Maƙwabta kuma su fara raɗa cewa akwai ɓoyayyen zunubi.

Kada ka karɓi wannan hukunci. Yesu ne da kansa ya ce almajirai su haye, cikin biyayya hadarin ya same su. Akwai masunta cikinsu, sun san ruwan nan sarai, duk da haka jirgin yana cika. Cikin tsoro suka tashe shi, ya kuwa tashi.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsawata wa iskar da ta taso wa gidana a makon nan, cikin sunan Yesu. Amin.