Kakan da Nasara Suka Tafi da Shi: Tono Ne ko Sada Zumunci?

A wasu gidajen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, in tsofaffi suka zauna jera kakanni, akwai sunan da ake zuwa kansa a yi masa tsallake. Sai a ce wane dai Nasara suka tafi da shi, a ɗauko wata magana. In yaro ya matsa da tambaya, a ce masa ba a tonon abin da Allah Ya rufe. Yau jikoki da tattaɓa-kunnen irin wannan mutum sun yi karatu, sun san akwai kundayen mulkin mallaka a ajiye a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence, wasunsu kuma suna so su san laifin da aka ce ya yi, da inda aka kai shi, da ƙasar da ta rufe shi. Tambayar da ke gabansu ta addini ce kafin ta zama ta tarihi: neman labarin kakan da aka ɗaure aka kore shi daga ƙasarsa tona asirin mamaci ne, ko sauke haƙƙin zumunci? Ni ina ganin na biyun ne, kuma shirun da gida ke yi, duk da kyakkyawar niyya ake yinsa, yana ƙarasa wa kwamandan Nasara hukuncin da ya fara.

Sai an san irin hukuncin kafin a gane haka. A ƙarƙashin dokar andijena, wadda Faransa ta shimfiɗa wa ƙasashen da ta mallaka a 1887 ba ta kuma soke ta ba sai 1946, kwamandan bariki na iya jefa talaka kaso har kwana 15 ba tare da zaman shari'a ba, a kan jinkirin biyan lanho, ko ƙin fita aikin tilas, ko abin da shi kwamandan ya ga dama ya kira raini. Gwamna kuma yana da ikon ɗauke mutum ya tsare shi nesa da garinsu har shekara 10. Manya ma ba su tsira ba. A 1906 aka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa da ƙulla tawaye, aka tuɓe shi, aka kai shi Kwaddibuwa. A ƙetaren iyaka, Turawan Ingila sun kama Sarkin Kano Alu a 1903, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Can ƙarshen wannan hanya akwai gidajen gwale-gwale na Giyana, a Kudancin Amurka, inda Faransa ta kai fursunoni kimanin 70,000 tsakanin 1852 da 1938, har da mutanen ƙasashen da ta mallaka. Dokar wurin ta ce wanda aka yanke wa ƙasa da shekara 8, in ya gama, sai ya sake zama a Giyana daidai tsawon ɗaurinsa, wanda kuma aka yanke wa 8 ko fiye ba zai koma gida ba har abada. Mai irin wannan doka ba gyaran hali yake nema ba. So yake a cire mutum daga cikin danginsa, matarsa ta gaji da jira, ƴaƴansa su tashi ba su san kamanninsa ba. Labarin sarakuna ya tsira domin fada tana da maroƙa da marubuta. Manomin da aka ɗaure da igiya aka tasa ƙeyarsa kuwa ba shi da mai riƙe sunansa sai gidansu.

Shari'ar da ake karantawa a zaurukan Maraɗi ba ta san irin wannan shafewa ba. Ta san kora, domin Suratul Ma'ida ta ambace ta cikin hukuncin ɗan fashi, malaman Malikiyya kuma suka fassara ta da a kai shi wani gari a tsare har tubarsa ta bayyana. Wato kora ce mai ƙofar dawowa. Abubuwan da ke hana gado ƙidayayyu ne, kamar saɓanin addini da kisan wanda za a gada, kuma kaso ba ya cikinsu. Fursuna yana gado, ana gadonsa, ɗansa ɗansa ne, kuma ko an kashe shi a kan haddi sai an yi masa wanka da salla an rufe shi a maƙabartar Musulmi. Abin da ya fi ba ni hujja shi ne mas'alar wanda ya ɓata a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi ya bi ta kanta. Matar wanda ya ɓata tana kai ƙara, a bincika, a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi takaba, amma dukiyarsa ba a raba ta sai lokacin da irinsa ba zai kai da rai ba ya wuce, abin da malaman mazhaba suka ƙiyasta da cikarsa shekara 70 da haihuwa. Shari'ar da ta tsare wa ɓatacce gonarsa tsawon wannan zamani ba za ta yarda a share sunansa cikin dare ɗaya ba. Ta ɗora bincike a kan alƙali, domin haƙƙoƙi suna rataye da sanin makomarsa. In ya yi aure a inda aka kai shi ya haihu, waɗannan ƴaƴa magada ne, muharramai ne ga ƴan'uwansu na gida. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarci mutum ya san danganensa gwargwadon abin da zai sada zumunci da shi, kuma babu yadda za a sada zumunci da reshen da aka ƙi a san da shi.

Masu cewa a yi shiru ba jahilai ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Addini ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa wa ɗan'uwansa, ya kuma hana zagin matattu tun da sun riga sun iske abin da suka gabatar. Kunya ma, a wurin Bahaushe, ado ce. To amma a duba abin da aka ce a rufa. Laifin da mutum ya yi a ɓoye, tsakaninsa da Ubangijinsa, shi ake suturtawa, don a bar masa hanyar tuba, a kuma hana alfasha yaɗuwa. Wanda aka ɗaure a bainar jama'a, aka bi da shi ta kasuwa, aka rubuta sunansa a rajista, ba shi da sauran asirin da za a rufa. Abu ɗaya ya rage wanda ba a sani ba, shi ne amsarsa. Zargi ya riga ya fita, ya zauna a takarda, don haka shirun dangi bai ɓoye zargin ba, uzurin mutumin kaɗai ya binne. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka zo fitar da shi daga kurkuku bai yarda ya fito ba sai da aka koma aka sake tambayar matan da suka san gaskiyar lamarin. Alƙur'ani bai ɗauki wannan a matsayin tono ba. Imamu Malik an yi masa bulala a Madina, Imamu Ahmad ya sha ɗauri a Bagadaza, kuma almajiransu ne suka rubuta labarin da hannunsu. Da sun ji kunya sun yi shiru, da abin da zai iso mana shi ne faɗar wanda ya riƙe bulalar.

Sai a ce: wannan ga wanda aka zalunta ne, in kuma bincike ya nuna kakan ɓarawon shanu ne, ko ya yi kisa a kan gona ko a kan mace? Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma duk wanda ba zai iya ɗaukar amsarta ba bai shirya bincike ba. Akwai jarabar da ke jiran kowane jika, ta ya mayar da kakansa gwarzon da ya ƙi Nasara. An ga haka a Sabuwar Kaledoniya, inda Faransa ta kai mutanen Arewacin Afirka kimanin 2,000, galibinsu ƴan Aljeriya. Zuriyarsu tana nan a yankin Burai, da maƙabartarsu a Nesadiyu. Tawayen Muƙrani na 1871 a Aljeriya shi ne labarin da ya fi daɗin faɗi, amma kundaye sun nuna waɗanda aka kai saboda shi ƴan tsiraru ne, mafi yawa an yanke musu hukunci ne a kan laifuffukan yau da kullum. A Ostireliya, inda Ingila ta zubar da fursunoni kimanin 162,000 tsakanin 1788 da 1868, an daɗe ana ɓoye irin wannan asali, yanzu kuma ya zama abin tunƙaho. Ɓoyewar da tunƙahon duk tushensu ɗaya, wato zaton cewa darajar jika tana hawa ko sauka da aikin kaka. Alƙur'ani ya maimaita a surori da yawa, har da An'am da Isra'i da Faɗir, cewa ba a aza wa wani rai kayan laifin wani. Wanda ya yi imani da haka da gaske ba ya bukatar kakansa ya zama waliyyi kafin ya ambaci sunansa. Muslim ya ruwaito labarin matar nan Bagamidiya da aka tsayar wa haddi, Halidu ya zage ta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya kuma sallace ta. In kaka mai laifi ne, shi ya fi kowa bukatar a roƙa masa gafara da sunansa, a yi masa sadaka, in kuma akwai haƙƙin wani da za a iya mayarwa a mayar. Duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda aka yi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Akwai kuma masu cewa takardun da za a dogara da su na maƙiyi ne, kuma gaskiya suka faɗa. Maganar wanda ake tuhuma ta bi ta bakin tafinta, wanda wata sa'a yana da nasa ƙullin a cikin shari'ar, sannan magatakarda ya rubuta ta da Faransanci, ya karkata sunan mutum da na ƙauyensu yadda kunnensa ya ji. A irin wannan takarda wanda ya ƙetara zuwa Jibiya ko Katsina don gudun aikin tilas mai laifi ne, malamin da jama'a suka yawaita a ƙofarsa abin tuhuma ne. Amma maganin labarin da ba a amince da mai kawo shi ba, kamar yadda Suratul Hujurat ta koyar, shi ne a tantance. Ba a ce a toshe kunne ba. Takarda tana ba da shekara da wuri da lamba, abubuwan da baki ke mantawa, baki kuma yana riƙe da dalili da hali da wanda ya kai tsegumi, abubuwan da takarda ba ta damu da su ba. Mutanen gulbin Maraɗi sun fi kowa sanin cewa sunan da mai nasara ya laƙaba maka ba shi ne ƙarshen zance ba. Maraɗi kanta korarru ne suka tayar da ita, Katsinawan da suka rasa birninsu a 1807, Tibiri kuma Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A rubutun waɗanda suka kore su ba su da kyakkyawan suna. Duk da haka fadojin biyu ba su jefar da jerin sarakunansu ba, har yau Sarkin Katsina ake cewa a Maraɗi, Sarkin Gobir a Tibiri. Abin da ya halatta ga gidan sarauta ban ga dalilin da zai haramta ga gidan talaka ba.

Inda na yarda masu shiru suna da gaskiyar da ba ta tafiya shi ne zancen masu rai. Har yanzu ana binciken asali kafin a ba da aure, kuma akwai gidajen da za su janye in suka ji kalmar kaso, ko da ta shekara 100 ce. Yarinyar da za a fasa aurenta ba ta yi wa kowa laifi ba. Haka nan kundin da ya wanke kaka yana iya ɗauke da sunan wanda ya kai ƙararsa, mai gari ne ko dogari ko maƙwabci, jikokinsa kuma suna sahu ɗaya da kai a masallaci. Amma ƙa'idar da ta ƴantar da jikan fursuna ita ce ta ƴantar da jikan mai tsegumi, ba a ɗaukar rabinta a bar rabi. Saboda haka akwai bambanci tsakanin sani da shela. Wajibin gida shi ne ya sani, ya mayar da sunan cikin jerin kakanni, ya faɗa wa ƴaƴansa, ya nemi dangin da ke can in akwai su. Yaɗawa a rediyo ko a Facebook wani mataki ne dabam, da ke bukatar shawarar duk wanda abin zai taɓa, kuma sau da yawa barinsa ya fi. Abin da ba ya jiran shawara shi ne tambayar tsofaffi, musamman mata, domin su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, da sunan da uwa ke kiran ɗanta da shi wanda bai taɓa shiga rajista ba. Kundayen Yamai da Dakar za su iya jira. Wanda yake da shekara 10 lokacin da aka soke andijena da aikin tilas a 1946 yau yana bakin shekara 90.