Haƙƙin Inuwa: Nasiha Ga Ƴan'uwa Kan Hayaƙin Taba A Bainar Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, Ya saka wa muƙaddamanmu da alheri. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa a cikin Allah, ina neman izinin manya in ɗan yi magana, ni ƙaramin almajiri.

A ƙarshen watan Yuni na 2025 ƙasar Faransa ta fara aiki da wata doka da ta hana shan sigari a bakin teku inda mutane ke wanka, da lambunan shaƙatawa, da rumfunan jiran bas, da kewayen makarantu da ɗakunan karatu da filayen wasanni. Wanda aka kama zai biya tarar yuro 135, wato jika 88 da ƴan kai a kuɗinmu na sefa. Ba su ne farau ba, birnin New York na Amurka ya hana a lambuna da bakin teku tun 2011. Hujjar da ministar lafiyarsu ta lokacin, Catherine Vautrin, ta kafa ita ce yara: duk inda yaro yake, taba ta kauce. Amma sun bar barandun gidajen shan gahawa, sun kuma bar sigarin lantarki, kun ga ke nan dokar ɗan Adam ce, an yi ciniki a cikinta.

Da labarin ya zo, na ji ƴan'uwa da dama a jami'a suna murna, suna cewa ga shi Turawa sun dawo kan maganar Shehu. Akwai gaskiya a ciki. Matsayin Shehu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, a kan taba sananne ne ga kowane muridi: ya ƙyamace ta, ya hana almajiransa ita, ta busawa da ta shaƙa. Ya rasu a birnin Fas a 1815, kuma sai a 1950 ne masu binciken Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fito da binciken da ya danganta sigari da sankarar huhu. Wanda Allah Ya buɗe wa basira ba ya jiran ɗakin gwaji. Sai dai ina tsoron irin wannan murna, domin tana sa mutum ya naɗe hannu ya ce magana ta ƙare, mu dama ba ma sha. Alhali dokar nan ta taɓo wani gefe na addininmu da muka yi sakaci da shi, shi ne haƙƙin wanda ke zaune kusa da kai.

Mu fara da adalci ga malamai. Taba ta shigo Maroko da Timbuktu a ƙarshen ƙarni na 16, kuma tun shigowarta aka yi saɓani. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, babban Bamalike, ya rubuta fatawa yana halatta ta. Shehu Aliyu al-Ajhuri a Masar ya halatta ga wanda ba ta gusar wa hankali ba, ba ta kuma cutar da shi ba. Shehu Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike a Masar ɗin, ya haramta. Shehu Abdulgani an-Nabulusi na Sham, sufi ne na gaske, ya yi littafi guda kan halaccinta. Don haka idan wani ya ce maka akwai malaman da suka halatta, kada ka ƙaryata shi, gaskiya ya faɗa. Abin da za ka tambaye shi shi ne: a kan wane sharaɗi? Sun gina halaccin a kan rashin tabbatar cuta, a zamanin da babu wanda ya leƙa cikin huhun mai sha. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa fiye da mutum miliyan 7 da taba ke kashewa a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Sharaɗin ya faɗi, kuma idan sharaɗi ya faɗi fatawa tana binsa. Sannan ko a wancan zamani, babu ɗaya daga cikin masu halattawar da ya ce ka busa ta a fuskar maƙwabcinka.

To, mu a Nijar ina bakin tekunmu? Ba mu da teku. Muna da bakin kogi a Yamai, muna da tafkin Madarunfa, amma ainihin wurin da Allah Ya haɗa mu mu huta, talaka da mai kuɗi, ita ce inuwa. Inuwar bedi a ƙofar gida, rumfar tasha a Tawa, gindin bango a kasuwar Dole ta Damagaram, bencin mai shayi, dakalin masallaci tsakanin azahar da la'asar. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, inuwa ba kayan marmari ba ce. Tsohuwar da ta fito asibiti, da mai goyo, da ɗalibin da ya fito aji, duk ita suke nema, kuma babu wadda za su koma in an kore su daga wannan.

Shari'a ta san darajar inuwa tun kafin a san sigari. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu kan abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: biyan bukata a kan hanyar mutane, da biyan bukata a inuwarsu. Malamai sun yi bayani cewa illar ita ce ɓata wa jama'a wurin da suke amfana da shi har su tsine wa wanda ya ɓata. Ku dubi wannan illa da kyau. Mutum ya zo rumfar tasha, mutum goma na zaune, ya ƙyasta ashana. Mai ciwon asma ya tashi ya koma rana. Mai goyo ta juya baya ta rufe fuskar jaririnta da gefen mayafi. Wani dattijo ya yi shiru don kunya, amma zuciyarsa na faɗin abin da bakinsa bai faɗa ba. Shin wannan mutum bai ɓata inuwa ba? Ba na cewa hayaƙi najasa ne, wannan wani babi ne na fiƙihu daban. Ina cewa ya kori bayin Allah daga haƙƙinsu, kuma wannan ita ce illar da aka ambata.

Haka hadisin zama a bakin hanya, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna, sai aka ba su izini bisa sharaɗin ba hanya haƙƙinta, kuma a cikin haƙƙoƙin akwai kame cuta. Wannan hadisi kamar don fadojinmu aka faɗe shi. Mu samarin Nijar ba mu da makawa sai fada, a nan ake shayi, a nan ake bitar karatu, a nan ake jin wanda ya samu aiki da wanda zai yi aure. Ba a hana mu ba. An dai ce mu biya kuɗin zama, kuma kame cuta yana cikin kuɗin.

Wani zai ce, kuma na sha jin haka daga abokan karatu masu kaifin hankali: ai a waje nake, iska ce ke kwashewa. A ba shi rabin gaskiyarsa. Hayaƙi a fili bai kai na ɗaki rufaffe ko na cikin mota illa ba, wannan haka yake. Amma iskar da ke kwashewa ina take kaiwa? Wanda ke benci ɗaya da kai, kafaɗa da kafaɗa, shi ne farkon wanda take kai wa. Ga kuma guntun da ake yarwa. Wannan abu mai kama da auduga a gindin sigari roba ce, tana shekaru ba ta ruɓe ba, ɗauke da dafin da ta tace, kuma ana ƙiyasta ana zubar da kusan tiriliyan 4.5 nata a duniya duk shekara. A wurinmu yaro mai rarrafe ne ke tsinta, akuya ce ke haɗiya, ruwan damina ne ke kwasa ya kai gulbi. Addinin da ya sanya kawar da ƙaya daga hanya a cikin rassan imani, me zai ce da mai zuba wannan da hannunsa?

Abin da ya fi duka tsaya mini a rai shi ne yara, kuma a nan na ga ministar Faransa ta yi daidai ko da ba da niyyar ibada ta faɗa ba. Kowa ya san yadda ake yi a unguwanninmu. Babban yaya na zaune a fada, ya kira ƙanensa ɗan shekara 8, ya ba shi kuɗi ya sayo kara ɗaya wurin mai tebur. Wani ma har ya ce shiga gida ka kunno mini a murhu. Yaron nan sai ya zuƙa kafin wutar ta kama. Ranar da aka gan shi yana da shekara 14 a bayan makaranta da kara a hannu, sai a ce ya lalace, a ɗauko bulala. Wa ya ba shi darasin farko?

Ya ɗan'uwana muridi, ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Muna yin istigfari ɗari da safe, ɗari da yamma a lazimi, ban da na wazifa. Muna kyautata zato cewa Allah Yana wanke abin da ke tsakaninmu da Shi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin bayi yana jiran yafewar mai shi. Wanda ya ci bashin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai buga. Wanda ya shekara 10 yana busa hayaƙi a tasha da kasuwa da bakin asibiti fa, ina zai ga waɗanda ya cutar? Bai san sunansu ba, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Bashi ne da aka ci a hannun mutanen da ba za a sake haɗuwa da su ba sai a filin alƙiyama. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa babu masu sha a cikinmu. Akwai ɗan'uwan da ke laɓewa bayan zawiya, ya tauna goro ko ya tsotsi alewa, ya shigo da'ira. Akwai wanda ba ya sha amma kwalayenta na jere a teburinsa, yana sayar wa yara kara-kara. Hukuncin wuridin waɗannan na muƙaddamai ne masu izini, ba nawa ba. Ni dai ina tuna mana cewa muna shimfiɗa farin ƙyalle don Jauharatul Kamali, ba ma karanta ta sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki, saboda girman wanda muke fatan halartarsa. An umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, domin mala'iku na cutuwa da abin da ke cutar da mutane, alhali albasa halal ce, abinci ce, mu da muke da Galmi mun fi kowa sani. To ina ga abin da ba ya ƙosarwa, ba ya kashe ƙishirwa? A zikirin Juma'a ƙirji na kusa da ƙirji, numfashinka shi ɗan'uwanka ke ja ya ambaci Allah da shi.

Game da doka kuwa, ina goyon bayanta, kuma zan so a faɗaɗa tamu ta kai inuwoyin tasha da ƙofofin makarantu. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun watan Mayu na 2006, wadda ta hana sha a wuraren jama'a da wuraren aiki da motocin haya. Kowa ya duba garinsu ya ga yadda ake bin ta. Sarkin Usmaniyya Murad na Huɗu ya hana taba a 1633, har yana kashe masu sha, amma bayan mutuwarsa hayaƙi ya ci gaba da tashi a Istanbul. Ɗan sanda ba zai tsaya a gindin kowace bishiya ba. Abin da ke tsayawa can shi ne kunya da muraƙaba, kuma wannan shi ne aikin da aka kafa zawiyoyi dominsa.

Sai dai a yi hattara da wulaƙanta mai sha. Nikotin na kama jiki kamun gaske, mutane da yawa sun yi niyyar bari sau biyar, sau goma, suna komawa suna kuka. Wanda Allah Ya tsare bai tsare kansa ba. Idan ka ga ɗan'uwa ya kunna a cikin mutane, ka ja shi gefe, ka ce masa don Allah malam ga yara, ga tsofaffi. Sau da yawa za ka ga ya kashe har da ba da haƙuri. Idan na kusa da kai ne, ka tuna masa Ramadan: wanda ya iya kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana kwana 30 yana da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Ka faɗa masa abin da likitoci suka tabbatar, cewa cikin awa 12 da bari gubar hayaƙin da ke jininsa tana sauka daidai, kuma bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Ka raka shi wurin likita in da hali, ka zauna da shi bayan magariba, lokacin da sha'awar ta fi tasowa. Manomin taba na fadamun gulbin Maraɗi da mai tebur su ma a yi musu magana da tausayi, abincin iyalinsu ne, a taimake su su sauya haja a hankali.

Ina roƙon shugabannin zawiyoyi da na ƙungiyoyin ɗalibai ƴan ɗariƙa abu guda mai sauƙi. Maulidi na tara dubban mutane, a Kiyota da sauran garuruwa, maza da mata da yara, wasu kwana suke a fili. A sanar tun kafin a tashi, a cikin motoci da kuma ta lasifika, cewa filin taro da hanyoyinsa da inuwoyinsa da wuraren ɗibar ruwa ba wurin hayaƙi ba ne, a kuma roƙi masu tebur kada su kawo ta. A fadojinmu, duk fadar da muridi ke zama, ya nemi abokansa su yarda da sharaɗi biyu: ba a kunnawa a kan benci, ba a aiken yaro sayo ta. Ba sai an jira majalisa ta zauna ba.

Allah Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya ba waɗanda muka cutar ba da saninmu ba ikon yafe mana. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.